Wankan Jegon Yagana

Ku dai a ganinku wankan jego dafa ruwa ne kawai. Ina jin ku jiya a tsakar gida, ke Rabi har da cewa duk wadda ta iya hura wuta ta iya sana'ar Gwaggo Dije. To madalla. Ajiye wayar nan ki matso, in ya so gobe a ba ki tukunya da ganye mu ga yadda za ki yi da 'yar mutane. Na kusa shekara arba'in ina yi wa masu jego wanka a ƙauyukan nan namu na gefen Ɗambatta, da wuya ki nuna min gidan da ban shiga da ɗaurin ganye a ka ba, amma har gobe in zan taɓa jikin maijego sai gabana ya faɗi. Bari in gaya muku dalili, tunda yau kun same ni da bakin magana.

A hannun Iya Mairo na koya, yayar mahaifina ce, amma duk gari Iya ake ce mata. Ita ba ta koyarwa da baki. Ki bi ta a baya, ki ɗauki kaya, ki zuba ido, shi ke nan. In kika kuskura kika yi tambaya sai ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Idonki ciwo yake yi?" Shekara shida ina bin ta, ba na jin tambayar da na yi mata ta kai biyar.

Aikina na farko da hannuna a gidan wani manomin gyaɗa ne, can bayan kukokin gabas. Da sassafe na ɗora tukunyar ƙasa, irin babbar nan da sai mace biyu sun kama, na haɗa mata karan dawa da itacen marke. Ganye uku muke haɗawa, darbejiya da runhu da tsamiya, a ɗaure su tamau kamar tsintsiya. In ruwa ya tafasa ba a surka shi. A tsoma ganyen, a ɗaga, a kaɗe sau ɗaya, sannan a buga a gadon baya, a kafaɗa, a mara, a cinya. Kaɗewar nan ita ce sana'ar. Ni kuwa rawar jiki ta sa na manta, na ɗauko ganye yana zuba na ɗora wa baiwar Allah a kafaɗa. Ta ƙwalla ƙara, fata ta tashi nan take. Sai da muka fito hanya sannan Iya ta sakar min ranƙwashin da har yau ina iya nuna muku wurin. Wankan kuwa sau biyu ake yi a rana, safe da yamma, kwana arba'in, ko ana ruwan sama, ko ke mai yin kina fama da zazzaɓi.

Na taɓa yi wa wata matar maƙeri wadda in ta ji na sauke tukunya sai ta ɓace. Rana ta uku a cikin rumbu na same ta, ta lafe a kan gero da ɗanyen jikinta. Akwai maigidan da zai kawo miki ɗanyen itace ya ce ki yi haƙuri da shi, ki wuni kina hawayen hayaƙi. Akwai gidan da rijiyarsu ta ƙafe, ke za ki nemo ruwan ma. Duk wannan ba komai ba ne, da haƙuri da ɗan zagi ake wuce shi.

Wanka rabin aiki ne, ɗaya rabin ciki ne. Maijego ba ta zama da yunwa. Tana fitowa daga wanka ga kunun kanwa a ƙwarya, na gero, da citta da kanumfari da masoro. Bayansa tuwo da miyar kuka, da man shanu, da yajin daddawa a barbaɗe. Ga kauri, ƙafar san nan da dangin miji ke kawowa, a yi ta ɗumama romon tana sha. Mun taso an ce mana kanwa tana wanke ciki, tana kawo ruwan nono, tana korar sanyi, kuma babu abin da ake ji wa maijego tsoro kamar sanyi. Amma abin da ake auna mu da shi daban ne. Ranar arba'in, in an mai da yarinya ɗakinta, dangin miji ba sa tambaya ko ta warke. Wuyanta suke kallo, da kumatu, da damtse. In ta yi ɓul-ɓul sai guɗa ta tashi, ana tambayar wa ta yi wankan. In ta koma a rame, iyayenta sun sha dariya, ke kuma mai wanka sunanki ya ɓaci har ƙauye na uku.

Akwai wani abu da Iya Mairo ke yi kullum da safe kafin ta taɓa ganye. Sai ta durƙusa gaban maijego, ta kama ƙafarta, ta danna babban yatsa a ƙwauri, ta yi bismilla, ta ɗan yi jim, sannan ta miƙe. Ni ina tsaye da tulu, bayanta kawai nake gani. Na ɗauka addu'ar buɗe aiki ce. Da ta rasu na gaji tukunyar, na gaji dannawar ma. Kowace safiya sai in durƙusa in danna in yi bismilla, idona kuwa yana kan murhu kada wuta ta mutu. Shekara da shekaru haka nake yi.

Zamani kuma ya canza a hannuna ban lura ba. Lokacin Iya kanwa sai ranar kasuwa, abin da take jefawa a kunu bai wuce ƙwayar gurjiya ba, miya kuwa daddawa ce da ɗan gishiri a bakin yatsu. A nawa lokacin gishirin leda ya cika kowane tebur, ga dunƙulen ɗanɗano, ga farin nan mai ƙyalli da ake zubawa a miya. A yaji a sa, a romo a sa, a miya a sa. Ni kuma na lura da wani abu da na ɗauka basira ce Allah ya ba ni: in na ƙara kanwa, maijego ta fi saurin yin jiki. Daga gurjiya na koma goro, daga goro na koma ƙwan zabuwa. Sunana ya tashi, har daga ƙauyukan nesa ake aiko min da babur. Ana cewa Dije ko taɓarya ta yi wa wanka sai ta yi kumatu.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Hansai ce ta fara, matar wani mai shayi. Na yi mata wanka ta cika ta batse, ranar arba'in aka sha guɗa. Kwana tara bayan nan tana cikin daka ta jingina da turmi, ba ta sake tashi ba. Ba a yi wata biyu ba sai Larai, ita ko arba'in ɗin ba ta kai ba. Dukansu biyu kafin su tafi magana ɗaya suka riƙa yi, wai in sun kwanta wani abu yana zuwa ya zauna musu a ƙirji. Babu wanda ya furta kalmar a gabana, amma na san ta. In na shiga gidan suna sai in ga uwa ta ja mayafi ta rufe jaririnta. A bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. Mayya dai suke nufi, ni da na wanke rabin matan garin. Wata huɗu babu wanda ya yi sallama a ƙofata da maganar aiki.

Ana tsakiyar bazara Hajiya Falmata ta aiko a kira ni. Matar Alhaji Bukar ce. Su Barebari ne, kakansa ya zo daga Barno da fataucin kanwa ya zauna a nan tun kafin a haifi iyayenmu, kuma har lokacin Alhaji kanwa da gishirin dabbobi yake sayarwa a kasuwar Ɗambatta. 'Yarsu Yagana ce ta zo gida haihuwar fari, ta samu 'ya mace. Yarinya ce doguwa siririya mai yawan dariya, irin wadda in ta gaishe ki da safe sai kin ji daɗi har yamma.

Hajiya ta zaunar da ni ta ce, "Dije, na ji abin da ake faɗa. Ni ban ɗauki zancen banza ba, rai na Allah ne. Amma kin ga yarinyar nan kamar sillen kara. Dangin mijinta mutanen Dawakin Tofa ne, bakinsu ba ya shiru. So nake ki gyara min ita, ta yi jiki."

Na ce, "Hajiya, in Allah ya yarda ranar arba'in ba za su gane ta ba."

Da yamma Alhaji ya aiko da kanwa cikin gida, ungurnu mai kyau wadda ba ya fitarwa sai wanda ya sani ya tambaya, kwando guda cur. Ban taɓa aiki da kanwa a wadace haka ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, in na dubi Yagana ba ita kaɗai nake gani ba. Sunana nake gani, na ƙudurta a raina a jikinta zan wanke shi.

Satin farko ta sha wuya da kunun. Takan riƙe ƙwaryar ta yamutsa fuska ta ce, "Gwaggo, harshena fa ya saɓule." In ce, "Shanye 'yar nan, gobe za ki gode min." Sai ta toshe hanci ta shanye tana dariya. Ƙishirwa kuwa ba a magana, randar ɗakin sau biyu ake cika ta a rana. Ta ce kanta yana sara, na ce ruwan nono ne ke sauka. Kafin kwana ashirin zoben hannunta ya ƙi fita, awarwaro ya nutse a tsintsiyar hannu, silifas ya daina shigarta. Hajiya ta riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Ni kuwa kowace safiya in durƙusa, in danna ƙwauri, in yi bismilla, in miƙe in koma wajen tukunya.

Ranar kwana ashirin da shida na dawo gidan da wuri, bayan azahar, don in daka yaji. Irin lokacin nan ne da rana ke kwantar da kowa, ko kaza ba ta motsi. Alhaji yana da tumakin kiwo a bayan gida, kullum da kukansu ake shiga gidan, amma ranar tsit. Na leƙa turke, babu su. Na ɗaga labulen ɗakin Yagana sai na gan su a ciki, su biyar. Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ƙafafu a miƙe, idonta biyu, jaririya na barci a kan gado. Tumakin sun kewaye ta suna lasar ƙafafunta da hannayenta a hankali, babu wadda ta yi kuka, babu wadda ta waiwayo ta dube ni. Ƙarar harsunansu kawai ake ji, sai kuma wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar tukunya ta fara tafasa. Na duba ko an bar wani abu a kan garwashi. Ashe daga ƙirjinta ƙarar ke fita.

Na ɗaga taɓarya zan kore su, ta ce, "Ƙyale su Gwaggo, kullum suna zuwa war haka."

Na ce, "Me ya sauko da ke ƙasa? Hau gado ki kwanta."

Ta ce, "Ba na iya kwanciya. Da na sa kai a matashi sai ya zo ya zauna min a nan." Ta dafa ƙirji.

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Ban ga fuskarsa ba. Nauyi gare shi, kuma a jiƙe yake."

Maganar Hansai ke nan, maganar Larai ke nan, kuma Yagana ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba. Na kama ta na ɗaga da ƙyar, don ta yi nauyin da ban san ta da shi ba. Inda ta jingina a bangon ƙasar sai ga siffarta ta fito fari fat, kai da kafaɗu da gadon baya, kamar an zana da alli. Wata tunkiya ta ratsa ta gefena ta sa baki a wurin ta hau lasa. Wallahi a ranar har ni na fara zargin kaina. An ce akwai mai maitar da ba ta san tana da ita ba. Na tsaya ina duban tafin hannuna, tsoro ya kama ni, tsoron kaina.

Yanzu za ku ce ai gumi ne ya bushe, dabba kuma gishiri take bi. Haka ne, kun yi makaranta. Mu a ranar abin da muka sani shi muka yi. Hajiya ta sa aka karɓo rubutu, aka yi turare a ɗakin, aka ɗaure tumakin da sabuwar igiya. Duk da haka kullum bayan azahar za ki gan su sun ja igiyar iyakar tsawonta, sun jeru sun fuskanci ƙofar ɗakin, ga dusa a gabansu ba sa ci. Ni kuma na ce sanyi ne ya shige ta, shi ya sa numfashi ke ƙara. Maganin sanyi kuwa ɗaya muka sani. Na ƙara wa ruwa wuta, na sa kaskon garwashi biyu a ƙarƙashin gado, kunu daga sau biyu na mai da shi sau uku, da kanwar da ta fi ta da. Ni na riƙa riƙe mata ƙwaryar, don nata hannun ya kumbura.

Ranar kwana talatin da biyu, a wankan safe, ganye na uku na buga mata sai tari ya sarƙe ta. Ta tofar a ƙasa, kumfa ce ja-ja. Leɓɓanta suka yi duhu. Hajiya ta fasa ihu, Alhaji ya faɗo cikin gida babu sallama, abin da bai taɓa yi ba ina wurin. A bayan a-kori-kurar da yake ɗaukar kanwa muka sa ta, a zaune, ni na tallafe ta ta baya. Muna ratsa gonaki mutane na sharar gona suna ɗaga mana hannu suna gaisuwa.

A asibitin Ɗambatta wata malama ce ta karɓe mu, dattijuwa, ba ta da yawan magana. Ta sa aka jingina Yagana da matasai, ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa ta sake dubawa. Sannan ta durƙusa, ta kama ƙafar, ta danna babban yatsa a ƙwauri, daidai wurin da nake dannawa. Ta yi jim kamar yadda Iya Mairo ke yi. Da ta ɗauke yatsa ba ta miƙe ba, ta tsaya tana kallon wurin. Ni ma, karo na farko tunda na fara sana'a, na kalla. Rami ne ya zauna a ƙafar, zurfinsa ya isa a ajiye ƙwayar gyaɗa, kuma muna tsaye muna kallo ya ƙi komawa.

Ta ce, "Inna, ke ce mai yi mata wanka? Me take ci?"

Na faɗa mata, kunu da romo da yaji da miya, har girman kanwar na nuna mata da hannu. Ta dube ni, ba da faɗa ba.

Ta ce, "Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Kanwa da gishiri da dunƙulen nan duk aikinsu ɗaya a jiki, ruwa suke riƙewa. Ruwa in ya yi yawa jini ya hau, zuciya ta yi ta fama da turawa. Zuciyar mai haihuwa kuwa dama a gajiye take, ga zafin da kuke ƙara mata. In ta kasa sai ruwan ya taru a ƙafa, ya hau ciki, ya shiga huhu. Shi ya sa in ta kwanta take jin an danne ta."

Na ce, "Amma mata nawa na yi wa haka suka tashi lafiya?"

Ta ce, "Wata zuciyar tana ɗauka, wata ba ta ɗauka. Ba a gane su a fuska."

A nan tsaye na tuna. Wata safiyar, in Iya Mairo ta danna ta miƙe, takan ce da masu gida, "Yau da gobe da jibi kunun tsamiya za a dama, miya kuma a bar ta lami." Ni duk zatona kanwa ce ta ƙare a gidan take rufa musu asiri. Ashe dubawa take yi. Ba ta san sunan ciwon ba, amma ta san ramin. Shekara shida ina bayanta da tulu, taku ɗaya zan yi gefe in gani, ban yi ba. Hajiya Falmata tana tsaye kusa da ni, komai a kunnenta. Ba ta taɓa yi min maganar ba, a ranar ko bayanta, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Aka yi wa Yagana allurar da ke sa fitsari, aka sa mata abin shaƙar iska a hanci, washegari aka ce a wuce da ita Kano. Jaririya na hannun Hajiya, don haka ni na zauna da ita. Can likita ya nuna wa Alhaji hoto ya ce zuciyar ta buɗe, ta yi girma, ba ta matsawa yadda ya kamata. Sun yi iya yinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. A kwanakin nan na ga mutane iri-iri, dattawa da ɓarin jiki a shanye, mata da ƙafafu kamar turmi, wasu an ce ƙoda ce ta gaji. Kowa ka ji abin da aka ce masa, a rage gishiri. Ku da kuke jefa dunƙule uku a tukunyar mutum huɗu, ku bi da gishiri, sannan ku kawo yaji a gefe, ina kallonku fa. Ba maijego kaɗai abin ke kamawa ba, kuma ba ya yin sallama.

Kwana biyar muka yi a Kano. Ƙafar ta ɗan saɓe, numfashin bai sake ta ba. A rana ta biyar da hantsi ta buɗe ido ta ce, "Gwaggo, saura kwana nawa arba'in?"

Na ce, "Uku."

Ta yi murmushi ta ce, "To na kusa gama shan kunu."

Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Da la'asar muka iso da ita gida. Hajiya ta ce ni zan yi mata wankan ƙarshe, tunda ni na san jikinta. Shi ne karo na farko da na surka ruwa a gidan. Wadda ta kama min zuba ruwa gwaggon mijin Yagana ce, Hajiya Uwani, ta iso daga Dawakin Tofa tare da masu jana'iza, rabonta da Yagana tun ranar suna. Tana zuba ruwa tana hawaye, har muka kai damtse. Sai na ga ta tsaya. Ta dubi wuya, ta dubi kumatu, ta shafa hannun.

Ta ce, "Allahu akbar. Dubi yadda yarinyar nan ta yi kyau, ta yi jiki. Kwana ne kawai ya ƙare. Baiwar Allah, wa ta yi mata wankan jego?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Hannunki na da albarka. Bilkina cikinta wata bakwai. Don Allah in ta sauka ke nake so."

A kan gawar muke tsaye ta faɗi haka. Na buɗe baki zan yi mata bayani, na ga ba wurinsa ba ne, sai na ce Allah ya kai mu. A gari kuwa da aka ji likita ya ce ciwon zuciya ne, zancen maita ya mutu. Babu wanda ya tambayi abin da ya kawo ciwon zuciyar. Kafin sadakar bakwai matan da ke rufe jarirai sun dawo gaishe ni har da durƙusawa.

Da Bilki ta haihu na je Dawakin Tofa da tukunyata da ganyena, ban je da kanwa ba. Ruwa na surka shi yadda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki. Kunu na gyaɗa da na tsamiya, miya daddawa da gishiri a bakin yatsu, romo babu dunƙule. Kowace safiya in danna ƙwauri in zauna ina kallo har sai na tabbata ya dawo. Sau biyu na matsa wa mijinta ya kai ta awon jini. Hajiya Uwani kuwa kullum sai mun yi. Ta ce, "Wai ba ke ce ta gidan Alhaji Bukar ba? Ina kanwar?" Na gaya mata abin da malamar asibiti ta ce tiryan-tiryan, na gaya mata abin da ta shafa a damtsen Yagana ruwa ne. Ta ce ita da idonta ta ga jiki, kuma uwarta da kakarta duk da kanwa suka yi jego. Rannan na kama ta ta dama a ɓoye, ƙwarya har ta kai bakin Bilki. Na fizge na juye a makwarara, a cikin gidanta, a gaban baƙinta. Daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba, ni kuma na ƙi tafiya sai da arba'in ta yi.

Ranar da aka mai da Bilki ɗakinta, siririya ta koma kamar yadda ta zo. Da ƙafarta ta fita, goye da ɗanta, ita ta ɗauki jakarta zuwa mota. Babu wadda ta yi guɗa. Hajiya Uwani ta bi gida-gida tana cewa hannun Dije ya mutu, an ba ta yarinya ta kusa kashe ta da yunwa. Bilki 'ya'yanta huɗu yanzu, na ga babban ranar kasuwa, ya fi ni tsawo. Ukun da suka biyo bayansa, ko ɗaya ba a kira ni wankansa ba.